Kan Yaro Ba Kalangu Ba Ne

Da zarar an kai gero rumbu, sanyin hunturu ya fara saukowa daga arewa, ƙauyukan ƙasar Dakoro sukan koma ga abin da aka gada tun kaka da kakanni. Daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga Sabon Mashi har bakin kwarin Tarka, akan share fili bayan la'asar, makaɗa su rataya ganga, samari su ɗaura walki, jama'a ta yi da'ira a kama kokowa. Yaron da ke tsugune a sahun gaba yana kallo, shi ne gobe da safe zai ɗauki allonsa ya nufi lakwal, inda in tsautsayi ya sa ya kama abokinsa da kokowa lokacin shan iska, tsumagiya ce ladansa. A idon malamai da yawa, kokowa sana'ar wanda karatu ya ƙi ce, aikin ƙato mai ƙirji babu kai. A ɗaya gefen kuma ga ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda duk ranar da aka ba su fili sai su jero kokowa da dambe da sharo da langa a faifai guda, su ce duka gado ne, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa saura.

Ɓangarorin nan biyu sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren nasu ɗaya ne: babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da kowane wasa yake yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Malami ya kori abin da zai taya shi riƙon aji, ɗan ƙungiya kuma ya rungumi abin da ke iya nakasa yaron da yake son ya gaji al'adar. Masu cewa kokowa da dambe duk kanwar ja ce ba su lura da inda hannu yake sauka ba. Ɗan kokowa ƙugu da ƙafa yake nema. Ɗan dambe haɓa yake nema, da kunne, da gefen ido.

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai cika kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kuwa kamar na awarar da ba a soya ba. Tana zaune cikin ƙoƙon kai, ɗan ruwa ya kewaye ta, kamar yadda gwaiduwa take a cikin ƙwai. Idan dunƙulallen hannu ya sauka a haɓa, kai yakan juya da ƙarfi farat ɗaya, ƙashi ya riga abin da ke cikinsa motsawa, sai ƙwaƙwalwa ta murɗe ta bugi bango. Siraran zaruruwan jijiya da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan su miƙe fiye da ƙima, wasu ma su tsinke. Abin nan da ƴan kallo ke yi wa sowa, wato ƙato ya zube ƙafafunsa sun saki, shi ne daidai lokacin da saƙon ya yanke. A bakin ƴan dambe sunan kai mutum ƙasa kisa, kuma sunan bai yi nisa da gaskiya ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1928 wani likitan binciken gawa a jihar New Jersey ta Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin tsofaffin ƴan damben zamani da ya lura da su: tafiya da tangaɗi kamar ta mashayi, jan ƙafa, rawar hannu, nauyin harshe, daga baya hankali ya dushe. A 1973 likita Corsellis da abokan aikinsa a Ingila suka buɗe ƙwaƙwalwar tsofaffin ƴan dambe 15 bayan rasuwarsu, suka nuna lalacewar a fili. A 2002 kuma wani likita haifaffen Nijeriya, Bennet Omalu, yana aiki a birnin Pittsburgh, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, shahararren ɗan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka wanda ya ƙare rayuwarsa cikin ruɗewa, ya ga wani sinadari mai suna tau ya dunƙule a cikinta. Ya buga sakamakon a 2005, masu kuɗin wasan suka yi masa ca, amma maganarsa ta tsaya. Ciwon shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CTE, kuma abin da ke kawo shi bugu ne na yau da gobe, har da ƙananan da ba su kai mutum ƙasa ba. A 2017 masu bincike a Boston suka same shi a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 ta tsofaffin ƙwararrun ƴan wannan ƙwallo. Adalci ya sa a faɗi cewa iyalan da suka ba da gawarwakin galibi waɗanda dama suke zargin ciwon ne, don haka adadin ba ma'aunin kowa da kowa ba ne. Duk da haka, waɗancan mutane hular kwano suke sawa a ka. Ɗan dambe babu komai tsakanin haɓarsa da hannun da aka naɗe da zare har ya yi tauri kamar taɓarya.

Abin da ya sa wannan magana ba ta shiga kunne a ƙasar Hausa shi ne, tun kafin likita ya buɗe baki, al'umma ta riga ta tanadi wani bayani. Tsohon ɗan dambe ya fara mantuwa, ya kasa riƙe ƙwaryar fura, ya riƙa faɗa da iyalinsa ba gaira ba dalili, sai a ce asirin da ya sha ne ya juya masa, ko abokin karawa ne ya yi masa jifa, ko kuwa ya taka sawun iska a filin wani gari. A kai shi gidan boka, a yi turare, a yi yanka. Babu mai ƙidaya dukan da kan nan ya sha cikin shekara ashirin. Ta haka ciwon ke ɓoyewa a bayan layu, wasan kuma ya fita da hannunsa tsab, a ɗaura wa wani yaro zare.

Akwai kuma haɗarin da ba ya jiran tsufa, wanda ya kamata kowane malami da kowane shugaban ƙungiya ya haddace shi kamar karatun allo. Bugu a gefen kai yana iya tsinka jijiyar jini a ƙarƙashin ƙashi. Yaro ya faɗi, ya tashi, ya yi dariya, ya ci tuwo, kowa ya ce namiji ne. Jini kuwa yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan ƴan sa'o'i ya fara ciwon kai da amai, barci mai nauyi ya ɗauke shi, a ce gajiya ce a bar shi ya huta. Irin wannan rauni ana iya ceton mai shi in an yi masa aiki da wuri, amma aikin yana buƙatar na'urar ɗaukar hoton cikin kai da likitan fiɗa, abubuwan da sai a manyan birane. Daga garin Dakoro zuwa Maraɗi tafiyar fiye da kilomita 100 ce, balle daga ƙauyen da sai an fara da amalanke. Haka nan yaron da ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, aka mai da shi fili kafin ta warke, bugu na biyu yana iya kumbura ta nan take, kuma yara da matasa ne wannan ya fi sama. A damben zamani na ƴan sha'awa, wanda aka sumar akan hana shi komawa fage na aƙalla kwana 30. A filin ƙauye, kirarin maroƙi ɗaya ya isa ya tayar da shi washegari.

Masu kare dambe suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce wasan mahauta ne mai tsohon tarihi, yana da kiɗansa da kirarinsa da ladubbansa, kuma waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago tana cikin manyan taskokin adabin baka na Hausa. Gaskiya ne. Sukan ƙara da cewa lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu daga dambe ta fito, wato tagullar Issaka Daboré a birnin Munich a 1972. Wannan ma gaskiya ne. Babu mai cewa a goge Shago daga tarihi, ko a hana baligi mai hankalinsa ya shiga fage bayan an faɗa masa abin da yake sa wa a caca. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai dai damben da ake waƙa dambe ne na kaka, mai zuwa da lokacinsa ya wuce, jiki ya samu watanni yana hutawa a gona da mahauta. Na yanzu a birane kusan ba ya da hutu, ana biyan kuɗin ƙofa, ana ɗaukar hotonsa a waya, ana ɗora shi a YouTube miliyoyin mutane suna kallo daga ƙasashen da ba su san inda Gobir take ba, kuma abin da ya fi jan ido a hoton shi ne faɗuwa. Ƙananan yara ne ake buɗe fili da su kafin manya su fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Yaro ɗan shekara goma sha biyu bai san abin da ake nufi da mantuwa a shekara arba'in ba, saboda haka amincewarsa ba amincewa ba ce. Wuyansa bai yi ƙwarin da zai tare juyawar kai ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana tsakiyar ginuwa. Shi ya sa a 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fito tare suka ce ba su yarda yara da matasa su yi dambe ba, alhali damben da suke nufi na safar hannu ne mai laushi, da alƙali, da likita a gefe. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka tun 2015 ta hana yara ƴan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, Ingila da Sikotilan suka bi sahu a wajen atisaye a 2020. Ƙwallo ke nan, ba dunƙulen ƙato ba. Game da kalmar gado kuwa, tsagar fuska gado ce, cire beli ma gado ne, iyaye da yawa sun bar su don lafiyar ƴaƴansu, kuma Hausanci bai rushe ba.

To, saura malamai. Tsoron da suke yi shi ne faɗa yana haifar faɗa, wanda aka koya wa kayar da mutum zai kayar da na ƙasa da shi a hanyar gida. Wannan tsoro yana da abin dogara. A ƙasar Norwe, Endresen da Olweus sun bi yara maza 477 ƴan shekara 11 zuwa 13 har tsawon shekara biyu, suka buga sakamakon a 2005: waɗanda suka shiga wasannin ƙarfi, wato dambe da ɗaga ƙarfe da kokowa da wasannin faɗa na ƙasashen gabas, sun fi sauran ƙaruwa da faɗa da rashin ji a wajen fili, kuma abin ya fi ƙamari a dambe da ɗaga ƙarfe. Masu binciken sun ɗora alhaki mai yawa a kan yanayin da yaran suka shiga, inda ake auna namiji da tsoron da ake ji nasa. Ba sai an je Turai ba ma. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aicha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram suna ɗaga ƙarfe a fadodinsu, ga ƙirji ga damtse, babu aiki, babu babba a kansu. Ƙarfin da ba shi da mai linzami ba ya zama tarbiyya don kawai an yi gumi.

Amma malamin da ya tsaya nan ya karanta rabin shafi. A 1986 Michael Trulson a jihar Texas ya ɗauki matasa 34 da aka sani da rashin ji ya raba su gida uku, malami ɗaya yana koyar da su duka har wata shida. Kashi na farko an koya musu taikwando da dukan ladubbansa: gaisuwa, natsuwa kafin a fara, maimaita tsararrun motsi, da nasiha a kan girmama mutane da kame kai. Kashi na biyu naushi da shuri kaɗai aka koya musu. Na uku sauran wasanni suka yi. Da aka auna, na farko zafin ransu da fargabarsu sun ragu, ganin darajar kansu ya ƙaru, na biyu kuwa sun fi da muni. Yaran ba su da yawa, ba a gina doka a kan mutum 34, amma hannunka mai sanda ne: wasa ɗaya, malami ɗaya, abin da aka haɗa da shi ne ya raba sakamakon.

Binciken da ya fi kusa da aji shi ne na Kimberley Lakes da William Hoyt a 2004. Yara 207 ne na wata makarantar firamare a Amurka, aka raba azuzuwansu da ƙuri'a, wasu suka ci gaba da darasin motsa jiki na kullum, wasu aka maye musu wani kaso nasa da taikwando na gargajiya har wajen wata uku. Ana koya wa yaro ya riƙa tambayar kansa inda yake, da abin da yake yi, da abin da ya kamata ya yi, sa'an nan ya gyara. A ƙarshe ƴan taikwandon suka fi sauran kame kai da mai da hankali da kyautata wa abokai, har da lissafin ka, kuma bambancin ya fi fitowa ga yara maza. Dalilin ba asiri ba ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki, ya riƙe masa umarni, ya ba shi damar sauya dabara, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai bayan shekara ashirin. Yana ƙarfafa ne da aiki, kamar damtse. Yaron da aka sa shi gaban abokin karawa, jininsa yana tafasa, aka ce kada ya motsa sai an ba da izini, kada ya wuce doka ko da ya ga dama, ya saki nan take in alƙali ya ce a saki, wannan sashen ne yake horarwa. Shi ne kuma sashen da malami ke roƙo kullum in ya ce a yi shiru a saurara.

Abin mamaki, malamin da ya raina walki yakan girmama farar rigar karate da ya gani a fim. Babu laifi a girmama ta. Taikwando ta ba Nijar azurfar Olamfik a Riyo a 2016 ta hannun Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya zama zakaran duniya a 2017, kuma Tekiath Ben Yessouf ta nuna a Tokiyo a 2021 cewa ƴan mata ma suna da gurbi a wannan fage. Sai dai rigar da hular da tabarmar roba kuɗi ne, malamin da ya ƙware kuma ba kowane gari ake samunsa ba. Kokowa rairayi take buƙata, abin da ƙasar Dakoro ba ta taɓa rasawa ba. Kuma duk abin da binciken can ya yaba yana cikinta tun asali. Dokarta ta hana naushi da shuri da duk wani duka. Wanda ya taɓa kallon manyan ƴan kokowa ya san yadda sukan daɗe sunkuye, kowa yana karanta ƙafar ɗan'uwansa, mai gaggawa shi ke fara cin ƙasa, ƙaramin da ya iya lissafi kuma ya kayar da wanda ya ninka shi. Bayan kaye akan ɗaga wanda ya faɗi a rungume shi, cali-cali su shigo da barkwancinsu su mai da zafin dariya. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa zamanin Seyni Kountché, inda Yacouba Ango Kantou na Maraɗi ya zama sarki na farko, har zuwa zamanin Issaka Issaka na Doso da ya ɗauki takobin sau shida, jihohin ƙasar kan aiko ƴan kokowa goma-goma, al'umma ta tattaru a bakin rediyo da talabijin. Filin kokowa na Maraɗi sunan Kantou yake ɗauke da shi. Wasan da ƙasa ta ɗaukaka haka, makaranta ce kaɗai ta bar shi a bakin ƙofa.

Judo ma ba daga sama ya faɗo da farar riga ba. Wanda ya kafa shi a Japan a 1882, Jigoro Kano (sunan ne kawai ya yi kama, ba shi da dangi a Dala), malamin makaranta ne da ya daɗe yana shugabantar babbar kwalejin horar da malamai ta Tokiyo. Ya ɗauki tsohuwar dabarar faɗa ta ƙasarsa, ya ware kamun da ke karya mutum daga karawar yau da kullum, ya tsara sauran mataki-mataki, ya shigar da shi makarantu. Aikin da kokowa ke jira ke nan, kuma aikin malamai ne, ba na maroƙa ba.

Amfanin bai tsaya ga aji ba. Saurayin karkara a wannan yanki, daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwa, watanni bakwai ko takwas yake yi hannu rabbana, in bai tafi cin rani Nijeriya ko Libiya ko wurin haƙar zinariya ba. A cikin wannan zaman ne damuwa ke shiga, ƙwayar tiramol ta biyo bayanta. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a Nijar, kuma sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda kowa ya sani da Pavillon E, ya yi wa mutumin Dakoro nisa. Wani babban nazari da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2024, wanda ya tattara gwaje-gwaje 218, ya nuna motsa jiki yana rage ciwon damuwa ragi na a zo a gani. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar yara ƴan shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na motsa jiki kowace rana. Filin kokowa yana ƙara abin da gudu shi kaɗai ba ya bayarwa: wurin da ake jiran mutum kowane maraice, babban da ya san sunansa, da kuma darasin faɗuwa gaban jama'a a tashi a ga duniya ba ta ƙare ba. Yaron da ya sha kaye sau ɗari a rairayi, faɗuwa jarrabawa ba za ta zame masa ƙarshen rayuwa ba. Wannan ba ya nufin kokowa magani ce. Wanda ya daina barci, ya daina magana, ko yake jin muryoyi, asibiti ya kamata a kai shi.

Kada kuma masu kishin kokowa su ɗauka an wanke ta tas. Faɗuwa a kan ka ko a kan wuya tana kashewa, ko da babu wanda ya ɗaga hannu. Japan ɗin da aka yaba ita ce shaida: Ryo Uchida na Jami'ar Nagoya ya ƙidaya ɗalibai 118 da suka mutu a judon makarantu tsakanin 1983 da 2011, da yawansu sababbin shiga ne da aka buga da ƙasa kafin su iya faɗuwa, a hannun masu horarwa da ke ɗaukar azaba tarbiyya ce. Faransa kuwa tun 1955 ta kafa dokar da ta hana koyar da judo a matsayin sana'a sai da takardar shaida. Kokowar makaranta da za a damƙa wa duk wanda ya fi kowa ƙirji a gari, a kan ƙasa mai tauri, ƙaton ɗan aji shida ya kama ɗan aji uku, gara babu ita. Haka nan tiramol da wasu ke sha kafin shiga fili don kada su ji zafi: tana rufe alamar rauni, tana kuma iya jawo farfaɗiya. Layu da guraye na manya a bar wa manya. A filin yara ba su da wuri, don yaron da ya yarda laya ce ta kayar masa ba zai ga dalilin atisaye ba.

Abin da ake nema daga ƙungiyoyin al'adu na ƙasar Dakoro bai fi ƙarfinsu ba. Su cire yara daga dambe a duk taron da suka shirya, su rubuta haka a dokokinsu, ko da maroƙa za su yi musu zambo. Kiɗan da kirarin da tarihin a koyar da su, babu abin da zai ragu. Su kuma hukumomin ilimi na gundumar da daraktocin makarantu su buɗe wa kokowa ƙofa a darasin motsa jiki, a raba yara bisa shekaru da nauyi, a tone fili a zuba rairayi mai zurfi. Tsofaffin ƴan kokowa suna nan zaune a ƙauyuka da ilimin da babu shi a littafi, malamin wasanni da ya fito makarantar horarwa ta Yamai kuma yana da ilimin jiki da na yara. A haɗa su a fili guda, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa. A wannan yanki da gonar manomi ke ƙarewa makiyaya ta fara, inda rikicin burtali da mashaya ba baƙo ba ne, ba ƙaramin abu ba ne ɗan Bahaushe da ɗan Bafillace da ɗan Buzu su saba kama juna bisa doka, alƙali ya ce a saki su saki.

Duk yaron da kansa ya bugu, ya ga jiri ko ya rikice, a fitar da shi a ranar, kada ya koma sai alamun sun gushe sarai kuma ma'aikacin lafiya ya duba shi. In ya fara amai ko barci ya rinjaye shi, a nufi asibitin Dakoro a daren, kada a jira safiya. Darasin farko kuwa, na makonnin farko gaba ɗaya, faɗuwa ce: yadda ake manna haɓa a ƙirji, a lanƙwasa baya, a sauka a gefe ba a kan wuya ko miƙaƙƙen hannu ba. Sai tsohon ɗan kokowa da malami sun gamsu cewa kowane yaro a layin ya iya wannan, sa'an nan a bar wani ya kama ƙugun wani.